Dafaffen Ƙwai a Cikin Ɗanye

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu ma nan lafiya lau, sai dai ni kunya ta hana ni sakat, na kuma kasa faɗa miki a waya.

Kin san mu goma sha ɗaya ne har da Mama a gidan da muka kama haya a nan ƙasar waje, kuma ni na karɓi girki da cefane. Kin san halina da son a yaba min. Na gano wani kanti a bayan tashar jirgin ƙasa inda ake karya farashi da yamma, can nake jan akwatin tafiya in cika shi da shinkafa, dankali da ƙwai. Kaza ɗaya nake yi wa yanka goma sha biyu. Har yaran Ƙanin Baba suka sa min suna Hajiya Ragi, ni kuwa ina jin daɗi.

Laifina bakina ne, Yaya. Duk abin da na ajiye a tebur sai na juya kuɗinsa zuwa kuɗinmu na gida, da ƙarfi, kowa yana ji. In ce tumatir ɗin nan huɗu kuɗin kwando ne, ƙwai ɗaya kuɗin rabin kiret. Ana dariya, ban taɓa duban fuskar Mama ba.

Shekaranjiya na ɗauko ƙwai zan soya, na buga a bakin kasko, ya ƙi zuba. Dafaffe ne. Na buga wani, shi ma haka. Guda shida na samu. Ashe ƙwan da nake dafa wa Mama kullum da safe, ɓoye shi take ta mayar cikin firji, ta sha maganinta da ruwan shayi kawai. Ni kuma ina ta fahariya cewa ƙwai yana min auki. Jirin da ta yi a matakala ran nan, ni ce na ce gajiyar yawo ce.

Na same ta a ɗaki tana ninke kaya, na durƙusa. Ta ce in tashi, ai ta ga ina wahala ne, kuma tsohuwa ba ta cin da yawa. Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Jiya na sayo kifi mai kyau, na cire takardar farashin tun a hanya. Ta ci loma biyu ta tambaye ni nawa ne.

Saura kwana tara mu dawo. Don Allah ki kira ta, Yaya, ki lallashe ta ta ci abinci. Maganarki take ji. Ni yanzu ko lemo na miƙa mata sai ta fara duban fuskata kafin ta karɓa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta