Takun da Ustaz Ya Bar wa Muhsina

Mai Wurno, Jihar Sinnar

Zuwa ga Yayana Muntari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk wanda ke tare da kai a Jidda. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin ciwon gwiwa, har tana fita gaisuwar maƙwabta. Mutane na ta dawowa gari tun da ƙurar yaƙi ta lafa ta wajenmu, kowa na gyaran abin da ya tarar. Ni kuma saura kwana goma sha biyu in fita takabar Ustaz Izzuddeen. Allah ya jiƙansa, kai kuma ya saka maka da alheri kan ta'aziyyarka.

Yaya, na zaɓi rubutu ne domin a waya nauyinka ba ya barina in ƙarasa magana. Zancen 'yarka Muhsina ne, da ka bari a hannuna. An kira ta Bur Sudan horon mako uku na masu koyar da wasan risha, wannan da ake buga ƙwallon gashin tsuntsu ta saman raga, kai kuma ka ce ba za ta je ba, hanya ba tabbas, kuma tsalle-tsalle ba aikin 'ya mace ba ne. Na san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma akwai abin da ya faru a gidan nan da ba ka gani ba, kuma haƙƙinka ne ka sani.

Ka san shekara ashirin mijina ya yi yana koyar da wasanni a madrasa. Da muka dawo daga gudun hijira, ciwon sukari ya riga ya ci ƙafafunsa saboda watannin da ya yi ba magani. Ba ya iya tsayuwa. 'Yan matan unguwa kuwa sun dawo wasu iri, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai su firgita. Wata safiya ya sa aka fito masa da angarib, gadonsa na igiya, gindin bishiyar nim, ya sa Muhsina ta zana fili da toka a tsakar gida. Wata biyu cur bai bar ta ta taɓa abin bugu ba. Taku kawai. Ta tsaya a tsakiya, ya nuna kusurwa da sandarsa, ta yi ɗan tsalle kaɗan, ta tafi, ta sauka da diddige, gwiwa kada ta wuce yatsu, ta komo tsakiya. Kusurwa shida, safe da la'asar. In ta gaji ta yi ƙorafi, sai ya ce mata hannu ba ya bugun abin da ƙafa ba ta kai shi ba.

Da ta ƙware, ya ce ta tara yaran ta koya musu, shi yana kallo. Daga huɗu suka kai goma sha tara. Yaya, na ji dariyar yara a gidan nan bayan na fid da rai da sake jin ta.

Sai ranar da Rayan, 'yar Hadizatu maƙwabciyarmu, ta gurɗe a idon sawu. Yarinyar bahaguwa ce, amma Muhsina ta sa ta miƙa ƙafar dama gaba kamar sauran, ba ta lura ba. Sati uku yarinyar ba ta taka ƙasa ba. Muhsina ta shige ɗaki ta ce ta bar koyarwa har abada. Ustaz ya sa aka kira ta. Bai rarrashe ta ba. Ya ce mata laifinta ne, domin idon mai koyarwa a ƙafar ɗalibi yake zama, ita kuwa ƙwallo take kallo. Sannan ya ce rabin laifin nasa ne: ya koya mata yadda za ta taka, bai kai ga koya mata yadda za ta duba takun wani ba, kuma yana jin ba zai kai ba. A ranar ya sa ta rubuta, yana faɗa, takarda zuwa ga wani tsohon abokin karatunsa da ke shirya horon nan. Bayan kwana goma sha ɗaya ya rasu. Amsar ta iso muna zaman makoki.

Yanzu Muhsina na koyar da yaran, amma da tsoro. Ina ganinta tana tsayar da su tun ba su yi gumi ba, don kada wata ta sake jin ciwo. Hadizatu da kanta ta maido Rayan, ta ce gara 'yarta ta gurɗe a fili da ta koma zaman lungu tana zare ido. Iyaye sun ba da amanar 'ya'yansu, mai riƙon amanar kuma iliminta rabi ne.

Batun hanya, ba ita kaɗai za ta tafi ba. Ina fita takaba zan raka ta, mu hau hafila, ƙaramar motar haya, zuwa Sinnar, daga can mu kama babbar mota, mu sauka gidan Gwaggo Sakina a Bur Sudan. Batun sutura kuwa, da dogon wando da mayafinta take wasa, kuma ajin mata daban yake.

Ban gaya mata ina rubuto maka ba. Ranar da ka hana, ta ce mini maganar Baba ta zauna, ta ninke takardar gayyatar ta sa a ƙasan akwati, ba ta sake ta da zancen ba. Da ta yi gardama da ban damu haka ba. Ran ashirin ga wata za a rufe karɓar suna. In ka ce a'a, ba mai taka ko'ina, kuma ba za mu riƙe ka a zuci ba. In kuwa ka yarda, kada ka gaya mini. Ka kira ta, ta ji daga bakinka.

Inna na sa maka albarka. Ka gaishe da Kawu Ladan da iyalinsa, da Fatsuma da jaririnta, da Ayman. In ka shiga Harami ka tuna da Ustaz.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Nasiba