Kada Ki Ce Akwai Sauka

Zuwa ga sanyin idona, farin wata sha kallo, yayyafin farkon damina, sarauniyar kujerar bayan direba, wadda ta mai da madubin motata na kallon fuska ɗaya tak! Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin tashi lafiya, ke da jakar awon jariranki.

Ni ne dai, direban bas mai tsagaggen madubi, wanda kika laƙaba wa Malam Na-Sani. Na karɓi sunan hannu bibbiyu, don baki shi ke yanka wuya. Kin tuna ranar da na bugi ƙirji a gaban fasinja, na ce duk wanda ya hau motata ba sai ya faɗi asalinsa ba, yadda zai nemi sauka ya ishe ni? Ai ba ƙarya na yi ba! Garin nan a tafin hannuna yake. Mutanen bakin kogi da suka cika unguwar bayan gada ba sa ɓata yawu, ƙarfen mota suke ƙwanƙwasawa da zobe. Mutanen kan duwatsu na layin maƙera ihu suke kwarara mini, "Akwai sauka!", kamar ina ƙetaren kwari, alhali ƙeyata na gaban hancinsu. 'Yan gaɓar teku na tsohuwar kasuwa sai sun gaishe ni, sun tambayi iyalin da ba ni da su, kafin su zo kan magana na wuce gidansu. Jikokin makiyaya kuwa miƙewa suke yi tsaye, shiru, in ka gani ka gani. Shekara da shekaru ban taɓa kuskure ba, sai da asibiti ta turo ki zagayen duba jarirai a layina.

Wayyo ni! A bayan gada kika ƙwanƙwasa ƙarfe, na ce shi ke nan, 'yar kogi ce. Washegari a layin maƙera kika zabga ihun da ya sa na taka birki har kwandon wata ya sauka a cinyar wani. Da muka isa tsohuwar kasuwa kika gaishe ni da harshen 'yan teku, lafazi tsaf, tsofaffi na gyaɗa kai. Wace irin tsuntsuwa ce ke, mai sauya kuka a kowace bishiya? Tun ina neman asalinki har na wayi gari ke nake nema.

Da na daure na faɗa miki abin da ke raina, sai kika gyara zaman jakarki kika ce, "Tunda ka san kowa, canki 'yar ina ce ni. Sau uku na ba ka. In ka kasa, bas ɗin Dogo ma yana da kujera." Dogo fa! Mutumin da ƙofar motarsa da igiya take ɗaure, wanda in ya shiga rami sai fasinja sun ƙirga haƙoransu! Haba zinariya, ko ba don ni ba, ki tausaya wa bayanki.

A canka ta farko na ce 'yar kogi, kika yi dariya har kumatunki suka lotsa, ni kuwa na ji daɗin faɗuwata don na ga wannan dariyar. Kafin ta biyu na nemi taimakon tsofaffin da nake kai wa kasuwa, ashe wuta na kunna. Ɗaya ta ce, "Tamu ce, kai ba ka ga goshin ba?" Ɗaya ta ce, "Wane goshi? Tafiyar kakarta ce sak, tare muka yi wasan ƙasa!" Ta uku ta ɗaga lema. Da ƙyar na raba su, na bi wadda ta fi ƙarfin murya, na ce 'yar duwatsu, na sake shan ƙasa. Ga shi kuma kullum da yamma a babban shataletale kike sauka, inda hanyoyin unguwanni duka suka haɗu, ki tsaya cak sai na ɓace kafin ki ɗauki hanya. Saura ƙiris na hau baron mai lemo garin leƙen ki ta madubi.

Amma jiya, hasken raina, ba ki yi dariya ba. Kika juya fuska wajen taga, kika ce a hankali, "Kowa da tambayar nan yake farawa. Da ya ji ni ruwa biyu ce, sai ya tuna yana da uzuri." Ashe ruwa ba ya tsami banza. Ni ina ta tsalle ina ganin wasa muke yi, ke kuwa ƙayar da ta sha sukar ki kika miƙo mini, ki ga ko ni ma zan soka. Su waye waɗannan marasa rabo? Wane mai hankali ne zai ga inuwa a tsakar rana ya tsaya tambayar wa ya shuka bishiyar?

Ruwa biyu kuma? Ke dai kina rage wa kanki daraja, ni a lissafina huɗu ne, kuma ko takwas ne ina so. Kogin da nake ƙetarawa kullum a kan gada, wa ya taɓa tare shi ya ce ya ware ruwan wannan rafi da na wancan? Sha muke yi mu gode Allah. Da na kai wa Inna labarinki tana tsintar wake a tsakar gida, ko kai ba ta ɗaga ba. Cewa ta yi, "Tana gaida manya? To, me ya rage? Kai da kake taƙamar sanin asalin mutane, kakarka ta wajen uba har ta koma ga Allah ba ta iya faɗin sunanka daidai ba." Kin ji yadda aka kwance wa Malam Na-Sani zani a gidansu.

To, ga canka ta uku, kuma a rubuce na kawo ta don kada baki ya sake yanka ni. Ke 'yar garin nan ce, dukansa, daga bayan gada har tsohuwar kasuwa. Kowace unguwa ta kawo mafi kyawun abin da take da shi, aka haɗa, aka zaunar a bayan kujerata. Tsofaffin nan duk gaskiya suka faɗa, har da mai lemar. Ina son ki da kogin, da duwatsun, da tekun, da duk abin da ban gano ba tukuna. Abu ɗaya kawai nake tsoro: 'ya'yanmu in za su sauka a mota, su ƙwanƙwasa, su yi ihu, su gaida direba, su miƙe tsaye, duk a lokaci ɗaya. Allah Ya ba direban zamaninsu haƙuri!

Gobe da yamma zan rage gudu a shataletale kamar kullum. In na kasa, nemi sauka da duk harshen da kika ga dama, zan taka birki, ba zan ba ki kunya a gaban mutane ba, sai dai ki sani kujerar nan ba mai sake zama a kanta da izinina. In kuwa na canka, don Allah kada ki taɓa ƙarfe, kada ki miƙe, kada ki ce akwai sauka. Ki yi zamanki, ki miƙa yatsa ta saman kafaɗata, ki nuna mini hanyar ƙofar gidanku. Fasinja su yi ta mita, yau ɗaya dai su ma a kai su inda ba su nufa ba.

Naki, har ranar da kogi zai zauna ya ware ruwansa,
Malam Na-Sani, wanda bai san komai ba sai ke.