Samma'ar da Babu Kwali

Yaya Sadisu,

Kana barci na fita, na tafi da samma'a biyun, wato lasifikokin da ka sayo wa kwamfuta jiya a kasuwar Hajj Abdalla. Kada ka neme su.

Tun farko na ce maka mu sayi ƙanana sababbi a cikin kwalinsu, ko da sautin bai kai ba. Ka ce waɗannan na katako ne, masu nauyi, kuma sun fi na roba arha. Ba ka tambayi dalilin arhar ba. Haka kowa yake yi a garin nan, a saya a yi shiru.

Da asuba na juya ɗaya zan goge ƙura, sai na ga an rubuta sunan Ustaza Ramla a gindinta. Ita ce malamar da aka wawushe gidanta lokacin yaƙi, aka kashe mijinta a bakin ƙofa. 'Yan'uwansa sun dawo, suna bi gida gida suna neman waɗanda kayan gidan suke hannunsu. Ɗazu biyu daga cikinsu sun tare Inna a bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, tana ɗibar ruwa, suna tambayar gidan da aka ji sabon sauti jiya da la'asar.

Zan kai mata kayanta da hannuna kafin su iso gidanmu. Idan sun zo kafin in dawo, ka gaya musu gaskiya, har rumfar da ka saya. Kada ka ce ba ka sani ba.

In azahar ta wuce ba ka gan ni ba, ka je wurin shugaban lajna, kwamitin unguwa. Kada ka biyo ni kai kaɗai.

Aminat