Kwana Ukun da Kawu Ya Ba Ni a Gonar Masara

Haɗejiya, 14 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Zulaihat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Allah Ya sa sanyin ƙasar nan taku ya sassauta, Ya kuma ba ki nasara a binciken da ya raba ki da gida. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Iya ta yi sauƙi, har tana zuwa gidan Hajja da kanta. Adila da yara kalau, sai dai zafi ya fara shigowa.

Na san kina jiran labarin masarar ranin da muka shuka ni da Kawu Gwadabe a fadamar Kirikasamma. Littafin da nake rubuta abubuwan kowace rana yana gabana, don kada in ƙara ko in rage. Kin tuna bara, da tsutsa ta shiga, Kawu ya fesa maganin nan mai ƙarfi, ruwan gona ya gangara tafki, kifi ya taso ciki sama, masunta suka yi wata biyu ba sa amsa mana gaisuwa. Bana da tsutsar ta dawo sai na nemo garin maganin da kika ba ni sunansa, wanda ba ya taɓa kifi. Na fesa ranar Litinin bayan la'asar, tunda kin ce rana tana kashe ƙarfinsa.

Washegari Kawu ya buɗe kan wata masara, ga tsutsa tana motsi. Ya ɗora ta a tafin hannu yana nuna wa maƙwabtan gona, yana cewa su zo su ga wadda likitan tsutsa ya yi wa wanka. Kin san mutanenmu, maganin da bai zubar da ƙwaro nan take ba, a wurinsu ruwa ne. Ya ce ya ba ni kwana uku. In Juma'a ta yi bai ga gawa ba, zai ɗauko na bara, masunta su yi ta fushinsu.

Ba zan ɓoye miki ba, jikina ya yi sanyi. Na yi ta tunanin ko awon ne na kuskure, ko bayaninki ne ya fi ƙarfin mai takardar sakandare. Sai na koma shafin da na kwafe maganarki ta waya. Kin ce bangon hanjin tsutsa ƙananan ƙwayoyin halitta ne jere, kuma wasu sinadarai da ake kira furotin ne ke kama juna tsakaninsu, kamar ɗinkin bakin buhu, su hana abin da ke cikin hanji tsallakawa cikin jiki. Kin ce aikinki ke nan kullum, gano wanne ke riƙe da wanne. Shi kuwa maganin sai ta ci shi, ya laƙe a bangon, ya huda shi, ɗinkin ya saki. Na ja layi a ƙarƙashin kalma ɗaya: cin abinci take fara dainawa, mutuwa daga baya.

To, sai na ce ba motsinta zan duba ba, cinta zan duba. Na zaɓi masara ashirin, na ɗaura wa kowace jan zare, na hure kashin nan mai kama da dusa da take tarawa a kan masarar. Kawu ya tambaye ni ko kitso zan yi musu. Ranar Laraba uku ne kawai suka yi sabon kashi. Alhamis ko ɗaya. Duk da haka ban yarda da idona ba, sai da na sake bin layin sau biyu.

Ranar Juma'a da hantsi Kawu ya iso da tankin feshi a baya. Na roƙe shi ya buɗe masu jan zaren da hannunsa. Zulaihat, tsutsar da ke cikin ta farko ta yi baƙi, ta yi laushi kamar jiƙaƙƙen zare. Ta biyu haka. Ya buɗe har sha bakwai, sannan ya sauke tankin a ƙasa, ya ce ashe tun Talata gawa ce ke motsi. Wallahi sai da na zauna a kan kunyar masara na yi hamdala.

Yanzu in kin ji shi a bakin tafki sai kin yi dariya. Shi ke yi wa masunta bayani cewa ɗinkin cikinta ake warwarewa, wai 'yarsa ce ta koya masa. Ban gyara masa ba. Sabon ganye ya fito ba huji, Usman masunci kuma ya aiko wa Iya tarwaɗa biyar daga tafkin. Ta sa an yi bandar biyu an ajiye, ta ce naki ne ko da za su shekara.

Roƙona ɗaya: ki rubuto mini sunayen furotin ɗin nan da manyan baƙaƙe. Na bar musu rabin shafi a ƙarƙashin ranar Juma'a.

Iya tana sa miki albarka. Adila, Hajja da Asabe suna gaishe ki, Kawu kuma ya ce a gaida malamarsa. Ki gaida maigidanki Khalid. Allah Ya dawo mana da ke lafiya.

Yayanki,
Shu'ibu