Inna Hajo Ta Ɗaure Gizo

Laraba, bayan isha'i

Yau na sha da ƙyar. Ni na nace a riƙa yi wa yara gatana a ɗakin karatu cikin hutun nan, har na sa aka ɗauko Inna Hajo daga Jabo. Yara sun cika tabarmi, sai tsohuwa ta dubi taga ta ce, "Ɗiyata, gatana da rana tsaka? So kike in ɓace?" Ga kuma shugabanmu na ɗakin karatun tsaye bakin ƙofa. Na ce, "Inna, rufa min asiri." Ta yi tsaki, ta tsige gashin idonta guda ta hure. "To, na ɗaure Gizo, an tsare camfi. Ga ta nan, ga ta nanku!" Har azahar ba yaron da ya motsa. Ta ce gobe ma za ta zo, amma gashin idona za a tsige.