Jan Rawanin Sabi'u

Assalamu alaikum, ƙanena Idi. Yaya gida, yaya jikin Hajara? Mu lafiya lau, sai dai kunya.

A bikin jikana Sabi'u, amarya ta yi jar shigar Indiya, aka ce dole ango ya dace da ita. Suka naɗa masa jan rawani, ya zauna da shi a gaban dagaci. Mu masuntan Tiga, wa ya taɓa naɗa mu? Na hana, uwarsa ta ce ban waye ba. Yanzu ko masallaci na shiga sai a ce, "Kakan sarki ya iso."

An ce in ba dagaci haƙuri, alhali ba ni na naɗa ba. Ka zo ka raka ni, ni kaɗai ba zan iya ba. A taya ni da addu'a, a gaida yara.