Sifili Tsakanin Daimon Biyu

'Yar Tambayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Babanki.

Kin ce dole waya ta ɗauki zafi in wuta na bin ta, kamar cajar gidanku. Haka yawancin mutane suke zato. Zafin nan turjiya ce, gogayyar lantarki da abin da yake bi, kuma akwai abubuwan da turjiyarsu ke ɓacewa ƙaƙaf. Kada ki yi dariya: ɗaya daga ciki iskar nan ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke ɗauke da sinadarin haidurojin. A ɗakin bincikenmu muna matse ɗigonta tsakanin tsinin daimon biyu, matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau miliyan, sannan mu sanyaya ta. Jiya ma'aunin turjiya ya sauko ya zauna a sifili. Ikon Allah!

Goggonki.

Goggo,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ni kam zan bar kimiyya. A ajin gwajin kimiyya ni ma ma'aunina ya nuna sifili, na kira malami da murnata, ashe wayoyina ne suka taɓa juna. Yanzu Hajiya Sifili ake ce min. Baba ya ce in ajin kasuwanci nake so, in faɗa kafin hutu.

Amma Goggo, ya aka yi kika san naki wayoyin ba su taɓa ba?

'Yarki.

'Yar Tambayata,

Gaisuwa mai yawa. A ranar ban sani ba, don wayoyinmu sun fi gashi siranta. Sai muka kunna maganaɗisu, wanda ke hana sifilin gaske saurin bayyana. Da taɓawa ce, ba abin da zai canja. Amma sifilin ya ƙi bayyana sai da muka ƙara sanyi, alamar na gaske ne. Can muka ji ƙas, daimon ya tsage, aikin watanni ya tafi. Wallahi ko a jikina.

Tambayarki ita ce aikinmu gaba ɗaya. Kafin ki amsa wa Babanki, matsa fiƙaƙƙen fensir tsakanin yatsu biyu. Ƙarfi ɗaya ne, amma ji wane yatsa ke kuka. Haka tsinin daimon ke tara ƙarfi a wuri ɗaya.

Allah ya yi miki albarka.

Goggonki.

Goggo,

Barka da aiki. Na gwada. Baba ma ya gwada, yana ta yarfe hannu, ya daina zancen kasuwanci. A turo min maganaɗisu.

Taki,
Hajiya Sifili.